Karo na farko a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna: daga ƙofar tasha zuwa kujera

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Wanda bai taɓa shiga ba, ta ina zai fara? A wace tasha ake hawa, ƙarfe nawa ya kamata a isa, me ake nunawa a ƙofa, kuma yaya mutum zai gane wurin zamansa? Tafiyar da dattijuwa ce da yaro ƙarami, da akwati biyu. Don Allah a yi bayani dalla-dalla.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Hajiya, abu na farko shi ne ki cire tashar mota daga ranki gaba ɗaya. A tashar mota fasinja ake jira, sai mota ta cika take tashi, idan kika makara ɗan kamasho zai nemo miki wata. A tashar jirgi agogo ake bi. Ko tarago rabi ne jirgi zai tashi, kuma kujerar da aka rubuta a tikitinki ita kaɗai ce taki, a wannan jirgin, a wannan ranar. Yawancin wahalar da baƙi ke sha a tasha daga nan take fitowa.

A ɓangaren Abuja tasha biyu ake hawa, Idu da Kubwa. A ɓangaren Kaduna kuma Rigasa ce. Tsawon layin kilomita 186 ne, an buɗe shi a watan Yulin 2016. Akwai ƙananan tashoshi a tsakani kamar Asham, Jere, Gidan, Rijana, Dutse da Kakau, amma ke da za ki Kaduna ba ruwanki da su, Rigasa ce ƙarshen tafiya, kowa zai sauka.

Tikiti kuwa tun daga gida ake sayensa ta manhajar hukumar jiragen ƙasa, wato NRC, ko ta shafinta na intanet. Za ki yi rajista da sunanki, lambar waya, imel da lambar NIN. Sai ki zaɓi tashar hawa, tashar sauka, rana, jirgi, da ajin da kike so. Idan kuɗi ya shiga za a ba ki tikiti mai ɗauke da wannan tambarin murabba'i da ake haskawa da na'ura.

Ɗan Rigasa:
Ƙarin bayani kan lambar jirgi, don mutane na rikicewa a nan. Jirgin da lambarsa ta fara da AK daga Abuja yake zuwa Kaduna. Wanda ta fara da KA daga Kaduna yake zuwa Abuja. Kafin a biya kuɗi a dubi waɗannan haruffa biyu da kyau. Ana samun wanda yake Abuja amma ya sayi KA, sai ya zo ƙofa na'ura ta ƙi karɓar tikitinsa.

Sai agogo. Idan kika ga an rubuta 14:30, ƙarfe biyu da rabi na rana ke nan, ba huɗu da rabi ba. Duk abin da ya wuce 12, a cire masa 12.

Hajiya Maman Iman:
'Yar uwa, tunda da dattijuwa za ki tafi, ki hau a Idu, kada ki yi wata shawara. Daga nan jirgin yake tasowa, don haka yana tsaye tun kafin a buɗe wa fasinjoji ƙofa. Za ki samu lokacin taka wa Mama a hankali, ki nemo taragonku, ki ɗora kaya, ki zaunar da yaro. A Kubwa jirgi zuwa yake da mutane a ciki, ya tsaya 'yan mintoci ya wuce. Mai akwati biyu da tsohuwa da yaro, waɗannan mintocin ba sa isarsa sai da gaggawa, kuma gaggawa a bakin jirgi ita ke kawo faɗuwa.

Abu Fatima:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma ba kowa Idu ta dace da shi ba. Ya danganta da unguwar da mutum zai fito. Wanda yake Kubwa, Dutsen Alhaji, Gwarinpa, Zuba ko Suleja, idan ya ce sai Idu ya ƙara wa kansa tafiya da kuɗin mota, ga cunkoson safiya. Tsakanin Idu da Kubwa a jirgi bai fi kamar minti ashirin ba, amma a mota da safe yana iya cin fiye da haka nesa ba kusa ba. Wanda yake Lugbe, Jabi, Life Camp, Karmo ko hanyar filin jirgin sama, shi ne Idu ta fi masa.

Kuma matsalar Kubwa tana da magani. Kafin jirgi ya iso, a tambayi ma'aikacin da ke kan dandamali, wato wurin da fasinjoji ke tsayawa su hau jirgi, a daidai ina taragon da ke tikiti zai tsaya, gaba ne ko tsakiya ko baya. A je can a tsaya da kaya tun da wuri. Idan jirgi ya tsaya kuma aka ga tarago ya yi nisa, a shiga ƙofar da ta fi kusa, tunda taragun a haɗe suke, ana bi ta ciki a ƙarasa.

Hajiya Maman Iman:
Malam, bi ta ciki da akwati biyu jirgi na tafiya, da tsohuwa a gaba? Hanyar tsakiyar tarago ƙunci gare ta, ga mutane tsaye suna ɗora kaya, ga mahaɗar taragu tana motsi ƙarƙashin ƙafa. Ga saurayi mai jakar baya wannan dabara ce mai kyau. Ga wadda ta yi tambayar nan, gara ta fito da wuri ta biya kuɗin motar Idu.

Abu Fatima:
Na yarda, idan ana maganar dattijuwa. Sai dai duk tashar da aka zaɓa, ita za a sa a tikiti tun wajen saye. Kada a sayi na Kubwa a tafi Idu a ce ai jirgi ɗaya ne.

Ummu Sadiq:
Na gode ƙwarai. Daga Lugbe za mu taso, don haka Idu ɗin ce. To idan mun isa fa, me zai fara faruwa?

Malam Ɗanjuma:
To bari in bi da ke tun daga bakin ƙofa.

Ki sa a ranki cewa kuna cikin harabar tasha awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta. Lokacin da ke jikin tikiti na tashin jirgi ne, ba na isowarku ba. Kafin wannan lokacin akwai bincike, akwai tantance tikiti, akwai tafiya zuwa dandamali, kuma ana rufe ƙofar shiga kafin jirgi ya motsa. Wanda ya iso saura minti biyar yana iya ganin jirgi tsaye da idonsa amma a hana shi wucewa.

Mota za ta sauke ku a waje. Tun a nan ki fito da abu biyu ki riƙe a hannu: waya mai tikiti, da katin shaida. Kada ki bar su a ƙasan jaka sai an zo kanki ki fara zazzage kaya, layi na bayanki.

Daga nan sai binciken tsaro. Akwatuna za su bi ta na'urar duba kaya, ku kuma a duba ku. Makullai, waya, tsabar kuɗi da duk wani ƙarfe a haɗa su wuri ɗaya tun kafin a iso, don kada na'ura ta yi ta ƙara ana mayar da ke baya. Wuƙa, almakashi babba, fetur, kananzir, tukunyar gas, duk a bar su a gida. Ana samun matan da ke sa wuƙar kicin cikin kayan abinci ba tare da sun kawo komai a rai ba, sai a tsayar da su a buɗe akwati gaban jama'a.

Bayan bincike sai wajen tantance tikiti. A nan za a haska tambarin, a kuma iya duba ko sunan da ke tikiti ya yi daidai da na katin shaida. Kowane babba da tikitinsa da sunansa. Na Mama da sunanta da lambarta za a saya, ba da naki ba. Yaron ma a shigar da shi tun wajen saye, kada a bari sai a ƙofa a fara roƙo.

Kun wuce nan sai zauren jira. Ku zauna kusa da ƙofar fita zuwa dandamali, ku kasa kunne ga lasifika. Idan sanarwa ta wuce ba ki ji ba, tashi ki tambayi mai kayan aiki a jikinsa, ba fasinjan kusa da ke ba, don shi ma wataƙila baƙo ne. Mai tambaya ba ya ɓata.

Sa'adatu K.:
Zan tsaya kan maganar waya, don a nan ake yawan samun cikas kuma abu ne mai sauƙin kaucewa.

Da zarar tikiti ya fito, a ɗauki hotonsa daga fuskar wayar a ajiye cikin hotuna. Dalili shi ne a tasha mutane da yawa ne ke amfani da sabis a lokaci guda, manhaja tana iya ƙin buɗewa daidai lokacin da aka zo kanki. Hoton kuwa ba ya buƙatar data. A tabbatar tambarin ya fito gaba ɗaya, ba a yanke gefensa ba. A tura hoton ga wani da ake tare da shi, ko da wayar Mama ce, saboda idan waya ɗaya ta mutu akwai ta biyu. Wanda zai iya, ya buga shi a takarda a shagon kwamfuta, wannan ya fi komai kwanciyar hankali.

Idan aka zo haskawa, a ƙara hasken waya har ƙarshe. Fuskar waya mai duhu ko wadda ta tsage a daidai kan tambarin tana sa na'ura ta kasa karantawa. A kuma cika caji tun dare, a riƙe fawabank. Akwai wurin caji a wasu taragun, amma ba abin dogaro ba ne, wani ya lalace, wani an riga ki.

Sai matsalar biyan kuɗi. Wani lokaci banki zai cire kuɗi, alat ya shigo, amma tikiti bai fito ba. Kada a yi saurin sake biya nan take. A duba imel, har da wajen da saƙonnin banza ke faɗawa, a duba tarihin saye a cikin manhaja, a ɗan jira. A ajiye hoton alat ɗin da lambar cinikin, don da su ake bin kuɗi. Alat na banki shi kaɗai ba tikiti ba ne, ba za a bar mutum ya shiga da shi ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa ba a jinkirta saye har ranar tafiya.

Matashin Kawo:
To idan manhaja ta nuna kujeru sun ƙare fa? Gaskiya a ranakun Juma'a da Lahadi da Litinin da safe, da lokacin salla, tikiti na ƙarewa da wuri. Akwai samarin da ke tsayawa a wajen tasha suna cewa suna da shi. Idan mutum ya matsu, mene ne laifin ƙara musu wani abu ya wuce?

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, laifin yana da yawa, kuma kai zai fara cutarwa. Tikitin da ɗan cuwa-cuwa zai ba ka, ɗayan uku ne. Ko da sunan wani aka saye shi, ka zo wajen tantancewa suna bai yi daidai da katinka ba. Ko hoto ɗaya ya sayar wa mutum biyu ko uku, wanda ya riga shiga ya haska, kai ka zo na'ura ta nuna an riga an yi amfani da shi. Ko kuma na wata rana ne da ta wuce aka gyara kwanan watan a hoto. A duk ukun, kafin ka juyo ya ɓace, ba ka da rasit, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Tun farko cuwa-cuwar tikiti ce ta sa aka kawo sayarwa ta intanet a farkon 2021. Maganar NIN kuma ta yi ƙarfi ne bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 a kusa da Katari, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. An dakatar da zirga-zirga har sai 5 ga Disamba na shekarar. Manufar ita ce a san ko wane ne a kan kowace kujera. Wanda ya hau da sunan wani, idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, sunansa ba ya cikin jerin fasinjoji, iyalinsa za su yi ta nema a inda ba a rubuta shi ba. Wannan kaɗai ya isa a guje wa abin.

Matashin Kawo:
Baba, na ji, kuma gaskiya ne. Amma mai uzuri fa, kamar rasuwa ko asibiti?

Baba Mai Ritaya:
Ya duba jirgi na gaba a ranar, ya duba ajin da ya fi tsada, don sau da yawa ƙaramin aji ne ke fara cika. Ya sake leƙa manhaja bayan ɗan lokaci. Ya je kantar tikiti ta cikin tasha ya yi magana da ma'aikaci a bakin tagarsa, ba a bayan gini ba. Idan duk babu, ya nemi mota da rana tsaka. Kuɗin da zai ba ɗan cuwa-cuwa ya kuma rasa jirgin, asara biyu ke nan.

Injiniya Bala:
Ni dandamali nake so a yi magana a kai, don wurin da ya fi hatsari ke nan a duk tashar, kuma baƙo ba ya ganin hatsarin.

Akwai layin da aka ja a ƙasa kusa da bakin dandamali. A tsaya a bayansa har jirgi ya tsaya cak. Jirgi ba mota ba ne. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ga nauyin ɗaruruwan tan, shi ya sa ko direba ya taka birki da ƙarfi sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Idan takalmin yaro ko waya ta faɗa kan layin dogo, kada kowa ya sauka. A kira ma'aikaci. Haka kuma ba a tsallaka layin dogo da ƙafa don a gajarta hanya, ko an ga wani ya yi.

Tsakanin bakin dandamali da ƙofar tarago akwai rata, ƙafar yaro tana iya zurmawa ciki. Tsarin da ya fi aminci ga Hajiya shi ne: a fara shigar da Mama, hannunta ɗaya kan ƙarfen ƙofa, ke kina bayanta. Sai a ɗaga yaro cak a miƙa shi ciki, kada a ce ya taka da kansa. Kaya su ne ƙarshe. Masu dogon hijabi da abaya da babbar riga su tattara da hannu kafin su taka, saboda mutumin baya yana iya take gefen mayafi a daidai matakala. Akwati mai taya kuma ɗaga shi ake yi a ƙofar, idan aka ja shi tayar na maƙalewa a ratar.

Lambar tarago tana jikinsa daga waje, kusa da ƙofa. A tikiti akwai lamba biyu: ta tarago da ta kujera. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya riƙe lambar kujera kawai. Kujera ta 34 tana nan a kusan kowane tarago. Sai ka ga mutum biyu suna jayayya kowa da 34 a hannu, alhali ɗaya taragon gaba ne nasa. A fara tabbatar da tarago, sannan a nemi kujera. Lambobin kujeru suna sama da taga ko a jikin kujerar.

Hajiya Maman Iman:
Idan kuka tarar da wani a kujerarku, a yi masa sallama a nuna masa tikiti cikin mutunci. Yawanci kuskure ne. Idan ya ƙi tashi, ba a cacar baki, a kira ma'aikacin tarago. Kuma kada ki zauna a wata kujera da kika ga babu kowa ki ce shi ke nan, mai ita yana Kubwa yana jira, zai shigo ya tashe ki bayan kin gama shimfiɗa yaro.

Wajen saye ki duba ko kujerunku suna jere. Idan aka raba ku, ki roƙi maƙwabci musanya bayan kowa ya zauna. Mutane ba sa ƙin yi wa tsohuwa wannan alfarma.

Kaya: ƙaramin akwati a kan kantar da ke sama da kai, a kwantar da shi, kada a tsayar, kada taya ta leƙo waje. Babba wanda ba ya ɗaguwa a ajiye inda ma'aikaci ya nuna, ba a tsakiyar hanya ba. A ɗaura masa ƙyalle mai launi a hannu, don baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya. Jakar kuɗi, magungunan Mama da katunan shaida su zauna a cinyarki. Idan za ki ɗauki ɗan dako, ku yi ciniki kafin ya taɓa kaya, kuma ki bi shi a baya kina ganinsa.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne sanyi. Taragun na da na'urar sanyaya ɗaki, kuma zama awa biyu zuwa uku a ciki yana shiga ƙashin tsoho. Ki ɗauko wa Mama mayafi mai kauri da safa, yaro kuma rigar sanyi, ko da a watan Afrilu ne. A riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa mara ƙamshi mai ƙarfi. Banɗaki yana ƙarshen tarago, amma gara kowa ya zaga tun a tasha, a kuma riƙe tishu da ƙaramar buta.

Ummu Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Salla fa? Idan jirgin rana muka samu, azahar za ta same mu a hanya.

Malam Ɗanjuma:
Wannan ma yana cikin dalilan zuwa da wuri. A yi alwala tun daga gida ko a tasha, don alwala a banɗakin jirgi yana tafiya wahala ce, ga jiƙa wa jama'a ƙasa. Idan lokaci ya shiga kafin a kira fasinjoji, a yi salla a tasha, amma a sa ido kan agogo, kada a tayar da kabbara an fara kira. Idan jirgi zai tashi kafin azahar, lissafa za ki yi: tafiyar ba ta kai ta cinye lokacin azahar da la'asar duka ba, kuna sauka Rigasa sai ku yi. Nisan kuma ya zarce na kasaru, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade da mil 48. Abin da ba a yi shi ne sauka a ƙaramar tasha don yin salla. Jirgi ba zai jira ba.

Injiniya Bala:
Wannan maganar ta sauka a hanya tana buƙatar ƙarin bayani. Layin Abuja zuwa Kaduna guda ɗaya ne, ba tagwaye ba. Jirgin da ke zuwa da wanda ke dawowa a kan dogo ɗaya suke, sai a tashoshin da aka yi layin kaucewa suke wuce juna. Saboda haka idan kuka ga jirgi ya tsaya a wata tasha cikin daji, ya yi minti goma ko fiye, ba lalle lalacewa ya yi ba, sau da yawa ɗan uwansa yake jira ya wuce. Da zarar wancan ya gifta, naku zai motsa, wani lokaci da hon ɗaya kawai. Wanda ya sauka miƙe ƙafa ko sayen wani abu, a nan ake barinsa. A zauna a ciki.

Sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa a wurare da dama a hanya. A gaya wa na gida tun kafin a tashi, don kada su kira su ji a kashe hankalinsu ya tashi. Wanda zai zo ɗaukarku, a faɗa masa lambar jirgi da lokacin isa tun daga Idu, sannan a sake kiransa idan an wuce Kakau, daga nan an kusa.

Ɗan Rigasa:
To sauka kuma, wannan unguwarmu ce.

Na farko, a gaya wa mai ɗauka a fili cewa tashar Rigasa ce. Akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa a cikin garin Kaduna, ta tsohon layin nan siriri da ya taso daga Legas zuwa Kano tun zamanin Turawa. Wancan faɗin dogonsa milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435, jirgin ɗaya ba ya hawa layin ɗayan. Idan aka ce wa direba "tashar jirgi" kawai, dattijon direba yana iya nufar tsohuwar.

Na biyu, Rigasa ba tsakiyar gari ba ce. Tana yamma da Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Daga tasha sai an bi titin Rigasa an fito Bakin Ruwa a kan baifas, sannan a nufi Kawo ko Tudun Wada ko cikin gari. Titin na cika sosai, musamman daidai lokacin da jirgi ya sauke mutane. Ranar komawa Abuja a tuna da wannan, a ƙara rabin awa a kan lissafi.

Idan jirgi ya tsaya, kowa zai miƙe lokaci guda. Hajiya, ku zauna abinku. Nan ce tasha ta ƙarshe, ba inda zai tafi da ku. A bar masu sauri su fita, sannan a sauke kaya, a duba ƙarƙashin kujera da aljihun kujera da wurin caji, caja ce abin da aka fi mantawa. Wajen sauka a juya tsarin shiga: babba ɗaya ya fara sauka, ya karɓi yaro, ya riƙe hannun Mama.

A waje za ku tarar da masu tasi da Keke Napep da masu kiran Zariya da Kano. Kada a bar kowa ya fizgi akwati ya yi gaba da sunan taimako. A yi ciniki tukuna, a tabbatar shata ce ko haɗaka, a faɗi unguwa da kwatance kafin a shiga.

Abu Fatima:
Ga masu wucewa Kano: jirgin nan a Rigasa ya tsaya, layin Kaduna zuwa Kano na zamani ana kan aikinsa. Don haka a zaɓi jirgin safe, a sauka da sauran rana, a samu mota a isa kafin dare.

A ɓangaren Abuja kuma, Idu ce mahaɗar jirgin cikin gari, wanda ke zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ta gefe ɗaya da tsakiyar birni ta ɗaya gefen. An dawo da shi aiki a watan Mayun 2024. Jirgi ne daban da jadawalinsa daban, tikitin Kaduna bai shafe shi ba. Baƙo ya lura kada ya bi ayarin masu shiga wancan.

Sa'adatu K.:
Jadawali yana sauyawa, kuɗin tikiti ma haka. Wanda ake turawa a WhatsApp yana iya zama na bara. A duba manhaja daren da za a yi tafiya, a sake dubawa da safe kafin a fita.

Ummu Sadiq:
Tambaya ta ƙarshe don Allah. Mama ba ta iya doguwar tafiya da ƙafa, gwiwa na damunta. Akwai abin da za a yi?

Baba Mai Ritaya:
'Yata, tun a wajen tantance tikiti ki gaya wa ma'aikaci cewa kina tare da dattijuwa mai ciwon gwiwa, ki roƙi a bar ku ku wuce kafin a saki jama'a, ki kuma tambayi hanyar da ba ta da matakala da yawa. Kada ki bari sai an buɗe ƙofa, lokacin ba wanda zai saurare ki. Ki ɗauki ɗan dako ɗaya ya riƙe akwatunan biyu, hannuwanki su zama na Mama da yaro kawai. Ta sa takalmi mai kama ƙafa, ba silifa ba, saboda tayil ɗin tasha yana da santsi. Idan manhaja ta ba ki damar zaɓen kujera, ki ɗaukar mata ta bakin hanya kusa da ƙofa, za ta samu wurin miƙe ƙafa kuma banɗaki ba zai yi mata nisa ba. Maganinta na gwiwa ta sha tun kafin ku bar Lugbe.

Ummu Sadiq:
Na rubuta duka. Zan sayi tikitin yau da daddare in Allah ya yarda, na jirgin safe. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ɗan Rigasa:
Amin. Ki duba ya zama AK ne, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya.